Wace Manhaja Ce Ke Faɗin Gaskiya Kan Zafin Furosesa?

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Tawa, kuma tun da bazara ta kama kwamfutata take mutuwa da kanta da tsakar rana. Na sauke manhajoji uku na auna zafi. Ɗaya ta nuna digiri 58, ɗaya ta nuna 91, ta ukun kuma ta ce idan na biya kuɗi za ta sanyaya mini injin. Wacce zan gaskata?

Amsa: Alhaji, kafin komai ka goge ta ukun nan yau, kada ta kwana a kwamfutarka. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin babu wata manhaja a duniya da ke sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta hanyar danna maɓalli. Fanka ce da ƙarfen da ke ɗauke zafi suke wannan aiki, tare da man da ake shafawa tsakanin ƙarfen da furosesa. Duk manhajar da ta cika maka fuska da jan rubutu tana neman kuɗi, aljihunka take nema, wani lokacin ma har da bayanan mutanen da ke kawo maka takardunsu. A shekarar 2022 an gano shafukan bogi da suka kwaikwayi na MSI Afterburner, wata manhajar sarrafa katin hoton kwamfuta, suna raba wa mutane manhaja mai haƙar kuɗin intanet a ɓoye, wadda ita da kanta take dafa furosesa dare da rana. Saboda haka kada ka danna tallar da ke fitowa a saman Google. Ka rubuta adireshin masu manhajar da hannunka.

Saɓanin 58 da 91 kuwa yana da dalili, kuma yana yiwuwa duka biyun ba su yi ƙarya ba. Akwai ma'aunin zafi a jikin babban allon kwamfuta, akwai kuma wanda ke can cikin furosesa, kuma na cikin shi ne abin dubawa. Furosesan Intel ba ya faɗin zafinsa kai tsaye. Yana faɗin tazarar da ta rage kafin ya kai iyakar da kamfani ya gindaya masa, wadda ake kira TjMax, kuma a yawancinsu digiri 100 ce a ma'aunin Selshiyos. Manhaja ce ke yin lissafin ragewa, don haka idan ta tsufa ba ta san iyakar furosesanka ba, lissafinta zai karkace. Wannan ne ya sa ba na ba kowa shawarar SpeedFan, wadda rabonta da sabuntawa tun 2016, duk da cewa masu gyara da yawa suna yawo da ita a kile, wato filashin USB.

Ni HWiNFO nake ɗora wa kowa, saboda bayan lambar zafi tana da layin da ke nuna ko furosesa ya taɓa rage gudunsa don tsira daga ƙonewa, kuma wannan layin ya fi lambar kanta amfani. Idan yawan layukanta ya ruɗa ka, ka ɗauki Core Temp, wadda ke nuna zafi da TjMax a ƙaramin akwati ɗaya, sai dai ka karanta abin da kake amincewa da shi lokacin ɗora ta. HWMonitor ta kamfanin CPUID, masu CPU-Z, ita ma ba ta da laifi. Ka zaɓi ɗaya tak, domin idan biyu suna karanta ma'auni ɗaya a lokaci guda sukan rikita juna. Ka bar ta a buɗe rabin awa da misalin ƙarfe biyu na rana kana aikinka na yau da kullum, sannan ka duba mafi girman zafin da ta rubuta. Idan 91 ne a kan buga takarda kawai, to ƙurar hunturu ta toshe ƙarfen sanyaya, ko man ya bushe, kuma maganinsa yana hannun mai gyara.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. Na duba Task Manager ban ga zafin furosesa ba.

Amsa: Ƙanwata, ba za ki gani ba, domin Windows ba ta nuna shi a wurin, zafin katin hoto kaɗai takan nuna. Ki ɗora Core Temp. Idan Linux ne a injinki, manhajar lm-sensors ta wadatar.

Tambaya: Malam, laftof ɗina yana kaiwa digiri 95 idan ina haɗa bidiyon biki. Ya lalace ne?

Amsa: Bai lalace ba, domin haɗa bidiyo aiki ne mai nauyi, kuma siraran laftof sukan kai kusa da iyakarsu a irinsa. Amma na tabbata a kan katifa kake ɗora shi, kana kishingiɗe kamar kai ne angon. Ramukan da yake shaƙar iska suna ƙasansa, don haka ka mayar da shi kan tebur, ka ɗaga bayansa kaɗan, ka sake aunawa.

Tambaya: Wace manhaja ce ta fi dacewa da sanyaya wayar Android?

Amsa: Babu ita, ɗan'uwa, kuma amsar Alhajin Tawa ta shafe ka. Lambar da yawancinsu ke nunawa ta zafin batir ce. Ka cire rigar wayar lokacin caji, kada ka yi kallo tana jone da wuta, kuma kada ka bar ta a gaban mota cikin ranar Afrilu.