Akwatin birki yana zamewa a motar da ake ja: kada a matse shi da kujera

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sa ku yi tafiyar nan lafiya da iyali. Idan na fahimce ka, kana jan Jeep Wrangler a bayan motar gidanka, wato babbar motar nan da ake kwana a cikinta, tayoyinta huɗu a ƙasa, ka sayi akwatin birki irin wanda ake ajiyewa gaban kujerar direba, kuma duk inda ka tsaya sai ka tarar ya karkace ko ya bar inda ka sa shi. Kana tambaya ko ka ƙara matso da kujera ta danne shi, ko ka cusa masa filo a baya.

Duka biyun kada ka yi. Filo ma ya fi muni.

Ka fara lura da abin da ke faruwa a ƙasan sitiyarin nan lokacin da kake gaba kana tuƙi. Hannun akwatin yana tura fedar birki, kuma da ƙarfin da ya tura ta, da shi fedar take tura akwatin baya. Injin Jeep ɗin a kashe yake, babu taimakon busta, na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi wajen taka birki, don haka fedar tauri gare ta, ba irin taushin da ƙafarka ta saba da shi ba. Duk wannan ƙarfi yana ƙarewa a kan abin da ke bayan akwatin. Idan soson kujera ne, sai ya lotsa. Kamar mutum ne ya jingina da katifa yana son ɓalle ƙofa da ƙafa, rabin ƙarfinsa katifar ce za ta shanye. Wannan ita ce asara ta farko: birkin da ka saya ba ya kamawa yadda aka tsara shi.

Ta biyun ce ke ƙona mota. In hannun ya saki, soson da ya lotsa sai ya dawo ya tunkuɗa akwatin gaba. Yau ɗan kaɗan, anjima ɗan kaɗan, ga girgizar hanya tana taimakawa, har akwatin ya matso kusa da feda fiye da inda ka saita shi. A nan hannun ya koma ciki gaba ɗaya, allon akwatin da ke gabanka a motar gida yana nuna ba a taka birki ba, alhali fedar tana danne da rabin inci. Motar gida mai injin dizal ba za ta ji wannan ba ko kaɗan, za ta ci gaba da jan Jeep ɗin kamar ba komai, takalman birki suna goga diski har su yi ja. Na taɓa tsayawa a wani wurin hutawa kusa da wani dattijo da haka ta faru da shi. Tun kafin mu iso motar wari ya tare mu, irin na ƙonannen kulochi. Tayoyin gaba sun yi baƙi ƙirin da ƙurar birki, murfin roba na tsakiyar wili ya narke ya zubo, shi kuwa yana ta rantsuwa cewa allonsa bai nuna masa komai ba. Gaskiya ya faɗa. Da muka leƙa ciki, kujera ce ya matso da ita har ta danne akwatin, don kada ya motsa. To ka ga dalilin da na ce kada ka ƙara matsowa.

Abu na farko da za ka yi ba ya cin ko sisi: cire tabarmar roba da ke ƙasan direba. Waɗannan masu kauri da muke saya saboda ƙanƙara da gishirin hunturu suna da santsi, kuma suna da tudu-tudu da ke hana ƙafafun akwatin zama daidai. Akwatin ya zauna a kan kafet ɗin motar kai tsaye. Mutane da yawa daga nan matsalarsu ke ƙarewa. Idan ƙasan motarka ba shimfiɗaɗɗe ba ne, ka yanko falle ɗaya na katakon filawud daidai faɗin wurin, ka cike ƙarƙashinsa inda ya yi rami, ka manna masa ɓangaren Velcro (maɗaurin nan mai mannewa) mai ƙaiƙayi a ƙasa don ya kama kafet. Amma Velcro girgiza kawai yake hanawa. Ba zai riƙe akwatin ba in hannun ya tura da ƙarfi, kada ka dogara da shi a kan wannan.

Sai abin jingina, kuma nan ne aikin yake. Ba duk akwatunan ne ke jingina a wuri ɗaya ba, kai kuma ba ka faɗi irin naka ba. Brake Buddy, da Patriot na kamfanin Blue Ox, da Even Brake na Roadmaster an yi su ne su jingina da gaban kujera. RVibrake gajere ne, shi yana tokarewa da tudun ƙasan mota da ke gaban kujera, in babu tudun a sa masa farantin tokara. Delta Force na Demco kuma da igiyar ƙarfe ake ɗaure shi a jikin ƙasan motar, ba ruwansa da kujera. In naka mai jingina da kujera ne, ka durƙusa ka duba inda bayansa yake taɓawa. Ana so ya taɓa wurin da akwai ƙarfe a cikin kujerar, ba leɓen soson sama ba. In kujerar tana sauka, sauke ta ƙasa. In duk da haka soso yake samu, ka nemi katako tu-bai-fo ka yanke shi daidai, ya kwanta a gicciye ya tokari ƙafafun ƙarfen kujera biyu, dama da hagu, akwatin kuma ya jingina da shi. Ni haka nake yi. Na naɗe katakon da tsohon kafet don kada ya kankare fenti, na rubuta GABA a fuska ɗaya don kada a juya shi.

Wasu suna zuwa wajen mai walda a yi musu ƙarfe mai lanƙwasa a ɗaure da notin kujera na gaba. Yana aiki, har ya fi katako. Sai dai notin nan su ne ke riƙe kujera ranar hatsari, Allah ya kiyaye, don haka a mayar da su da taurin da littafin motar ya faɗa. Kuma akwai wayoyi masu kan rawaya a ƙarƙashin kujera, na jakar iska ne, kada ƙarfe ya matse su. In za a huda ƙasan mota kuwa, wani ya kwanta ya duba tukuna, don bututun mai da na man birki ta nan suke bi.

Tsawon hannun ma yana da ruwa a ciki. Idan tsayin akwatin bai daidaita da na feda ba, gaban akwatin yana iya riƙa ɗagawa. Idan ba ya fuskantar fedar sak, zai riƙa juyawa gefe, wanda ina zaton shi ne karkacewar da kake gani. Ka daidaita ƙafafunsa har hannun ya miƙe ɗoɗar zuwa tsakiyar feda. Bayan ka maƙala, sa hannu ka jawo fedar sama. In ta ƙara ɗagowa ko kaɗan, to akwatin yana danne ta, ja shi baya.

Kada ka ɗaure shi da sitiyari. Na ga hoton wanda ya yi haka da igiyar roba, raina ya ɓaci. Sitiyarin motar da ake ja dole ya juya yadda yake so a kowace kwana.

In kujerarka mai lantarki ce, akwai wani tarko. Wasu motocin suna ja da kujera baya da kansu in an kashe inji ko an buɗe ƙofa, wai don direba ya fita cikin sauƙi. Ka saita komai tsaf, ka rufe ƙofa, kujera ta gudu ta bar akwatin ba majingina. A cikin saitin motar ake kashe wannan.

Sai maganar iskar busta. Ko an kashe inji akwai sauran taimako a cikinta na taku kaɗan. In ba a zubar da shi ba, birkin farko da akwatin zai taka zai zo da ƙarfi fiye da kima, tayoyi su kulle, shi ma akwatin ya yi tsalle daga mazauninsa. Yawancinsu in ka danna maɓallin saiti suna taka fedar sau da yawa don su zubar. Ka tsaya ka kalle shi yana yi, nan za ka ga ko yana motsi. Kuma duk lokacin da ka tada injin a hanya, iskar ta dawo, sai an sake. Masu jan Honda CR-V ta 2014 zuwa baya su suka fi mantawa da wannan, tunda su littafinsu ya ce a riƙa tada inji lokaci-lokaci saboda giya.

Gwajin da na fi yarda da shi a filin ajiye motoci ake yinsa. Manna salatif a kafet daidai kusurwoyin akwatin. Ka zauna a kujerar gefe, wani ya fizge fil ɗin igiyar tsinkewa da ke gaban motar, wadda ke sa birki ya kama in sandar ja ta rabu. A nan akwatin zai tura da iyakar ƙarfinsa. In ya tsaya cak a kan salatif ɗin a wannan gwaji, hanya ba za ta motsa shi ba. Mayar da fil ɗin da wuri, kada ka shanye batir.

Ko ya ci gwajin, ka sa ƙaramin ƙwan fitila a gabanka wanda aka jona da makunnin fitilar birki na Jeep ɗin kanta. Allon akwatin labarin akwatin yake ba ka, ƙwan nan kuwa labarin feda. In ya kama alhali ƙafarka ba ta kan birki, ka sauka gefen hanya nan take. Ni kuma ina ajiye ma'aunin zafi mai kama da bindiga a ƙofar direba, duk tsayawa sai na haska diski huɗun. Ba lambar nake dubawa ba, bambanci nake nema. In kun yi tafiya a miƙaƙƙiyar hanya amma diskin gaba sun yi zafi, akwai abin da ke danne feda.

Tunda ka ce jihar Colorado ta Amurka za ku, in kun bi babbar hanyar I-70 kuka fito daga ramin Eisenhower, inda hanya ta huda dutse, ta yamma, gangaren da ke sauka garin Silverthorne kashi 7 cikin ɗari ne, kuma dogo ne. Ka sauka da ƙaramin giya. Akwatunan nan da yawa raguwar gudu suke ji su taka, don haka a gangare za su yi aiki fiye da ko'ina. Ka tsaya kafin hawan ka duba salatif, ka sake dubawa bayan ka sauka.

Kada kuma haushi ya sa ka cire shi ka jefa a but. Jihohi da yawa a Amurka suna wajabta birki a kan abin da ake ja in ya wuce laba 3,000, kusan kilo 1,360, Wrangler kuwa ta wuce haka. In ka ga ɗorawa da cirewar ta ishe ka, kuma mota ɗaya kake ja kullum, akwai waɗanda ake dasawa dindindin kamar InvisiBrake ko Stay-IN-Play, su ba abin da ke zama a ƙasa balle ya zame. Kuɗin dasawa ne kawai, kuma ba ka ɗauke su cikin sauƙi ka kai wata mota.

In kun isa masauki, ka fitar da katakon tare da akwatin kafin kowa ya tuƙa Jeep ɗin, kada ya gangara ƙarƙashin feda. Ka turo mana hoton ƙasan kujerar daga gefe, da akwatin a maƙale, in ga inda bayansa yake taɓawa.