Fatar mushe a cikin lodin da aka rubuta wa "kwata"

Tambaya: Malam, ina sayen fata a kasuwannin Kumo da Dukku, in sa mata gishiri in tura Kano. Yanzu kamfanin da nake kai wa yana neman takardar inda kowace fata ta fito, domin masu saye a Italiya sun matsa. Wani lokaci akwai fatar mushe a ciki. In na rubuta duka daga kwata suke, akwai laifi? An ce mini ai jima tana tsarkake ta.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Rubuta "kwata" a kan abin da ka san mushe ne ƙarya ce kuma algus ne, ko mai sayen Musulmi ne ko ba Musulmi ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne gishirin da ka ambata. Kai ɗanyar fata kake sayarwa, ba a jeme ta ba tukuna. Wanda ya ba ka waccan amsa yana maganar fatar da aka riga aka jeme ne. Gaskiya ne Shafi'iyya da Hanafiyya suna ganin jima tana tsarkake fatar mushe, kuma hadisin tunkiyar Maimuna hujja ce mai ƙarfi gare su. Amma su ɗin ma ba su halatta sayar da ita kafin a jeme ba, kuma a wajen Shafi'iyya gishiri ba jima ba ne, ruɓa kawai yake hanawa, ko da yake Hanafiyya suna ɗaukar duk abin da ya hana fata ruɓa a matsayin jima. A Malikiyya kuwa, littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya ce ana amfani da ita bayan jima, amma ba a salla a kanta, ba a sayar da ita.  Ko da cinikin ya halatta, ɓoye abin da mai saye ya sharɗanta a faɗa masa yana ba shi damar mayar maka da kayanka.

Sannan ka sani ba kowane ƙirgi ne yake isa majema ba, wani a tukunyar ganda yake ƙarewa, ka ciyar da mutane mushe. A 2023 hukuma ta gargaɗi jama'a kan cin ganda saboda cutar antaraks, wadda fatar dabbar da ta mutu da ita take yaɗawa, kuma yaranka masu zuba gishiri su za ta fara kamawa.

Ka daina karɓar ta. Ka buɗe littafi kana rubuta sunan mahauci da kasuwa da rana, ka nemi shaidar Sarkin Fawa, musamman in an kawo maka ƙirgi da arhar da ta yi yawa, don shanun sata ma fatarsu kasuwa take zuwa. Kuɗin da ka riga ka ci na mushe, ka ƙiyasta ka fitar, ka yi istigfari. Wallahu a'alam.