Na gama karatun piyano, ta ina zan fara wasa a gaban jama'a?

Ɗan'uwa, matsalarka ita ce ka kammala makarantar kiɗa amma har yanzu ba mai gayyatarka wasa.

Gasa ce ƙofar da aka fi sani. Ta Chopin a Warsaw duk shekara biyar ake yi, ta Van Cliburn a Texas duk shekara huɗu, kuma ba sa ɗaukar wanda ya haura 30. Tantancewar farko da bidiyo ake yi, don haka ka nemi makirufo mai kyau, a ɗauki kowane kiɗa ba yanke-yanke.

Sai dai ni na fi ba shiri muhimmanci. Ka haddace jerin kiɗa biyu, kowanne kamar minti 70, da konshato (dogon kiɗan da piyano ke jagoranta) uku da za ka iya bugawa da ƙungiyar makaɗa ko gobe aka kira ka. Misali, shahararren mai piyano Lang Lang ya yi suna ne a 1999 da aka kira shi ba zato ya maye gurbin wani mai piyano, André Watts, a bikin kiɗa na Ravinia a Amurka.

Babban kuskure shi ne atisaye alhali hannu na ciwo. Yatsa ya fara lanƙwashewa da kansa, ko wuyan hannu na zogi, ka dakata ka ga likitan jijiyoyi. Kwangilar wakili mai nemo maka wasa kuwa, lauya ya duba kafin ka sa hannu.