Hukuncin zuwa da ƙaramin yaro gidan abincin 'yan Tailan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. An gayyace mu ni da maigidana cin abinci a gidan abincin 'yan Tailan, kuma za mu je da ɗanmu mai shekara biyu. Ba mu san addinin masu wurin ba. Ya halatta mu je? Kuma tunda hukunci bai hau kan yaron ba, akwai laifi in ya ci duk abin da aka kawo?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, zuwan ya halatta, domin asalin abinci halal ne sai abin da nassi ya haramta. Amma zancen cewa yaro zai ci komai kuskure ne. An ɗauke alƙalami a kansa, ba a ɗauke a kanku ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Hasan ɗan Ali, yana ƙarami, ya sa dabinon sadaka a baki, sai Annabi (SAW) ya tsawatar masa don ya tofar, saboda sadaka ba ta halatta ga iyalan gidansa. Abin da ya haramta ku ci, haramun ne ku ba shi.

Matsalar farko nama ce. Mafi yawan mutanen Tailan mabiya addinin Buda ne, ba Ahlul Kitabi ba, don haka sassaucin aya ta 5 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta yankan Ahlul Kitabi, bai shafi yankansu ba. Sai dai a lura, hukunci yana bin wanda ya yanka, ba wanda ya dafa ba. In kazar yankan Musulmi ce, girkin ɗan Buda bai haramta ta. Ku tambayi daga ina suke sayen nama. In akwai shaidar halal daga hukumar da aka amince da ita, kamar Majalisar Ƙoli ta Musulunci ta Tailan, ya wadatar. In ba a samu amsa mai gamsarwa ba, a bar kaza da naman sa.

Alade kuwa yana da yawa a girkinsu, kuma yakan ɓuya. "Mu" shi ne alade a harshensu, "gai" kaza, "kung" jatan lande, "pla" kifi. Amma romon miyar taliya sau da yawa na ƙashin alade ne, ana cusa niƙaƙƙen namansa a soyayyen fulawa, wasu na suya da kitsensa. Akwai kuma miyar taliyar da ake kaurara ta da jini, alhali jini haramun ne ko da na saniya ne, kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 173. Cire yankan naman daga kwano ba ya tsarkake romon. Kasko ma abin tambaya ne: a hadisin Abu Sa'alaba al-Khushani, Annabi (SAW) ya yi umarni da a wanke kwanukan waɗanda ba Musulmi ba kafin a ci a cikinsu idan ba a samu wasu ba. Ku nemi a wanke kasko da ludayi, kada a soya naku a man da aka soya alade, kuma kada a zuba giyar girki.

Ruwan kifin da suke sa wa kusan kowane girki, wanda ake tsima ƙananan kifaye da gishiri, da dakakken jatan lande da miyar kawa (wata halittar teku mai ɓawo), duk halal ne a wurin Malikiyya da mafi yawan malamai, bisa Ma'ida aya ta 96 da hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal. Hanafiyya sun taƙaita a kan kifi.

In ana sayar da giya a wurin, wani wurin ya fi. In babu makawa, kada a ɗora ta a teburinku, don an hana zama a teburin da ake shan giya.

Halaccin abinci bai isa ba sai ya zama ba zai cutar da yaron ba, kuma wannan ma amana ce. Barkononsu ƙanana ne masu zafin gaske. Ku ce "mai phet", wato ban da yaji, kuma ki ɗanɗana kafin ki ba shi. Gyaɗa guda-guda tana iya shaƙe yaron da bai kai shekara 5 ba, ga ta a soyayyar taliyarsu da ake kira pad thai da kwaɗon ɗanyen gwanda. In bai taɓa cin gyaɗa ko jatan lande ba, kada a fara gwadawa a can. Kumburin leɓe, ƙuraje ko wahalar numfashi suna buƙatar asibiti nan take. Ɗan shekara 1 zuwa 3 bai kamata ya wuce giram 2 na gishiri a yini ba, babban cokali ɗaya na ruwan kifi kuwa ya haura haka, don haka a rage shi sosai a nasa. A tsame saiwoyi da ganyayen ƙamshi na miya, a zare nama daga tsinke, a nisanta shi daga tukunyar miyar da ake kawowa da wuta a ƙarƙashinta, a hana shi ɗanyar ƙaguwa da shayinsu mai ƙarfi.

Farar shinkafa, soyayyen ƙwai, awara, turararren kifi da aka cire wa ƙaya, da mangwaro da aka yayyanka ƙanana sun ishe shi.

Allah ne Mafi sani.