Ɗiyata ta fi ƙarfin ajinta, ni kuma ba ni da kowa a sama

Tambaya: Ni manomi ne a wani ƙauye wajen Mayahi. Ɗiyata tana CM1, aji na biyar na firamare, shekararta 10. Mushensu ya ce lissafin CM2 ma ba ya yi mata wuya, har yakan miƙa mata alli ta koya wa sauran. Kwanan nan ta fara ƙin zuwa lakwal, wai ta gaji da maimaici. Dangi sun ce in kwantar da hankalina, mai ƙwaƙwalwa ba ya ɓata. Wani kuma ya ce in ba shi kuɗi, zai samo mata wuri a makarantar haziƙai ta Yamai. Ina tsoron baiwar nan ta lalace a hannuna.

Amsa: Malam, tsoronka yana bisa hanya. Bari mu fara sallamar mai neman kuɗin. Lise sai bayan BEPC, jarrabawar gama kolej, ɗiyarka kuwa da sauran CM2 da shekara 4 na kolej a gabanta. Lycée d'Excellence na Yamai kuma, wato makarantar haziƙan da yake faɗa, da kwankur (jarrabawar gasa) ake shigarsa. Wurin me zai sayar maka yau? Riƙe kuɗinka.

Maganar dangi ce ta fi tayar mini da hankali, don ita nake ji kullum, har daga bakin malamai masu difloma. "Mai ƙwaƙwalwa ba ya ɓata." Wa ya faɗa? Yana ɓata, kuma ɓatansa ba ya yin ƙara. Shiga aji mai cike da yara ka gani. Mushe ya rubuta lissafi a allo, yarinya ta gama, ta ɗaga ardowaz, ta kife shi, ta zauna tana zane da yatsa a ƙasa sauran rabin awa. Haka yau, haka gobe. Malami yana fama da waɗanda ba su iya karatu ba, ita kuwa ai "ta iya", sai a manta da ita. Wata ta koma surutu a ce ba ta jin magana, wata ta yi shiru a ce aljanu ne, a ɗauke ta sai wajen mai magani. Mafi muni, yaron da bai taɓa shan wuyar darasi ba bai koyi naci ba. Ranar da ya isa sizyam, ajin farko na kolej, ya ci karo da abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya zube, mutane su ce baki ne ya kama shi. Iri mai kyau ma in ba a yi masa noma ba, ciyawa ce ke cin gonar.

Kuma wannan magana talaka kaɗai take cuta. Ɗan ma'aikaci a cikin Maradi yana da mai koya masa da dare, da lantarki, da wanda zai ji sanarwar kwankur tun ranar da ta fito. Ɗan ƙauye sai an rufe karɓar dosiye labari ke iso masa. In mace ce, ga talla, ga zancen aure da zarar an ce kolej yana wani gari kuma babu amintaccen gidan da za ta sauka. Gwamnati ta sa hannu a dokar kare karatun ƴa mace a 2017, amma doka ba ta nemo wa yarinya masauki.

Ga abin yi. Duba takardar haihuwarta yau. In babu, je meri su nuna maka hanyar samun ta kotu, kuma kada kowa ya ruɗe ka da rage mata shekaru. Ka zauna da mushe da darakta, ka roƙi a riƙa ba ta aikin da zai sa ta zufa da littafin ajin gaba. Koyar da ƴan ajinsu yana da kyau, amma ba shi ne karatunta ba. Tsallake aji yana yiwuwa, sai dai a gwada ta a faransanci da rubutu, ba lissafi kaɗai ba, kuma ya bi ta ofishin sufeto.

Ku kuma ƴan'uwana malamai, ku ji tsoron Allah. Sanarwar kwankur ba sirrin gidanku ba ce da za ku ajiye wa ƴaƴanku da na abokai. Ku karanta ta a taron iyaye, da Hausa, tun da sauran lokacin haɗa takardu.