Me Ya Sa Wayata Take Kiran Asuba Kafin Ladanin Unguwarmu?

Saƙonnin da suka taru a wannan mako kusan duk a kan waya da ibada suke. Na zaɓi uku.

Tambaya daga wani magidanci a Gusau: Assalamu alaikum Malam. Manhajar lokutan salla da ke wayata tana kiran Asuba tun kafin ladaninmu ya kira, ta uwargidana kuma sai bayan mintuna take kira. Wacce ce daidai? Ga azumi na ƙaratowa.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Waya ba ta ganin alfijir, lissafi take yi. Tana ɗaukar wurin da kake da kwanan wata, sai ta ƙiyasta lokacin da rana za ta kai wani mataki a ƙarƙashin sararin gabas, ta ce alfijir ya keto. To a kan wannan matakin ne hukumomi suka saɓa. Rabiɗatul Alamil Islami tana amfani da digiri 18, hukumar safiyo ta Masar 19.5, Ummul Ƙura ta Makka 18.5, ƙungiyar Musulmin Arewacin Amurka kuma 15. A yankinmu kowane digiri ɗaya ya ɗan haura minti huɗu. Ke nan in taka tana kan lissafin Masar, ta uwargida tana kan na Amurka, tazarar da ke tsakaninku za ta kusa minti 20 alhali kuna ɗaki ɗaya.

Abu na biyu shi ne gari. Mutum zai yi tafiya ya dawo, manhajar tana can ta maƙale a inda ya baro. Agogon Maiduguri da na Sakkwato ɗaya ne, amma rana tana riga fitowa a Maiduguri da kimanin rabin awa. Shiga saitin manhajar ka tabbatar Gusau ce a rubuce. Ka duba La'asar ma: in an bar ta a kan Hanafiyya za ta jinkirta da wajen awa guda. Mu masu bin Malikiyya sai mu zaɓi ɗayan, wanda galibi ake rubuta sunan Shafi'i a kansa, domin lissafin inuwar ɗaya ne.

Ni dai shawarata, ka daidaita wayar da jadawalin masallacinku. Yawancin manhajojin suna ba da damar ƙara ko rage mintuna a kan kowace salla. Hukuncin lokacin daina sahur kuwa na malamai ne, ka tambayi limaminku. Haka ma kwanan watan Hijira da ke kan allon wayar, shi ma lissafi ne. Shigar Ramadan a Najeriya sai ka jira sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, sannan ka gyara na wayar da kwana ɗaya in ya saɓa.

Tunda maganar ta zo, bari in ƙara wannan. A shekarar 2020 wani rahoton jarida a Amurka ya bayyana cewa bayanan wuraren da masu amfani da manhajar salla ta Muslim Pro suke sun kai hannun wani dillalin bayanai mai hulɗa da 'yan kwangilar sojan ƙasar. Kamfanin ya musanta sayar wa soja, ya kuma yanke hulɗa da dillalin. Manhajar salla ba ta buƙatar bin sawunka dare da rana. Rubuta sunan garinka da hannu, ka rufe mata izinin sanin wuri.

Tambaya daga wata uwa a Kano: Mun tare a sabon gida, kamfas ɗin alƙibla na wayata kullum inda yake nunawa daban. Yaya zan yi?

Allah ya sanya alheri, Hajiya. Akwai wata 'yar na'ura a cikin waya mai jin maganaɗisun ƙasa, kuma rodin da ke cikin gini, firiji, lasifika, har murfin waya mai maganaɗisu, duk suna rikita ta. Ki cire murfin, ki fita tsakar gida, ki juya wayar a iska kamar kina zana lamba 8 sau uku ko huɗu, sannan ki riƙe ta a kwance. Daga Kano alƙibla tana wajen digiri 68 daga arewa, wato gabas amma a karkace zuwa hagu. Wasu wayoyi masu araha ba su da na'urar sam, kibiyar tasu ba abin dogaro ba ce.

Ga hanyar da ta fi waya. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa saitin Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da misalin 10:18 na safe agogonmu, da 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. A wannan lokacin duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Ki kafa sanda a miƙe, ki ja layi a kan inuwarta, shi ke nan kin huta.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Malam, da ina karanta hizibi guda bayan Asuba. Yanzu sai in buɗe Alƙur'anin waya, kafin in ankara ina cikin TikTok har rana ta fito. Haddata tana zubewa. Ina jin kunyar kaina.

Ɗan'uwana, saƙonka ya taɓa ni, domin ni ma na shiga wannan hali. Ranar da na fara duba yawan sa'o'in da nake ɓatawa a waya, hankalina ya tashi ƙwarai.

Ka sani ba raunin zuciyarka kaɗai ba ne. Waɗannan manhajoji da talla suke cin abinci, kuma gwargwadon daɗewarka a ciki gwargwadon ribarsu. Shi ya sa bidiyon ba ya da ƙarshe, wani na tafiya wani na shigowa, kuma na'urar tana lura da inda ka dakata don ta ƙaro maka irinsa. Littafi yana da shafin ƙarshe, hira a dandali tana watsewa in dare ya yi. Wannan kuwa da gangan aka cire masa wurin tsayawa.

Fara da ganin gaskiyar lamarin. A saitin Android akwai Digital Wellbeing, a iPhone kuma Screen Time, dukansu sun fito a 2018. Za su nuna maka awa nawa kowace manhaja ta ci da sau nawa ka buɗe wayar. A nan ɗin za ka iya yanka wa TikTok minti 30 a rana. In suka cika sai ta rufe sai gobe. Ka kashe sanarwarta gaba ɗaya, ka ɗauke ta daga fuskar allo.

Amma kada in ruɗe ka: wanda ya sa makullin yana iya cire shi cikin daƙiƙa biyar. Abin da na ga ya fi aiki shi ne nisa. Wayar ta kwana tana caji a wani ɗaki, ƙaramar waya mai madannai ko agogon tebur ya tashe ka. Karatun safe ka yi shi da mus'hafin takarda. In kana buƙatar ƙira'a don gyaran tilawa, sauke surorin tun da rana, da Asuba ka kashe data kafin ka kunna.

Ban ce ka jefar da wayar ba. Da ita mutanenmu suke sauraron tafsiri daga garuruwan da ba su taɓa takawa ba, da ita tsohuwa take ganin fuskar ɗanta da ke Madina, da ita matasa suke koyon ɗinki da gyaran sola. Awa ɗayan nan ta bayan Asuba kawai nake so ka ƙwato. Ka nemi abokin muraja'a da za ku riƙa haɗuwa a masallaci, domin mutumin da ke jiranka ya fi kowace manhaja iya tayar da kai.

Rubuta adadin sa'o'in da ka gani yau a takarda. Bayan mako biyu ka sake dubawa, ka aiko min da lambobin biyu da kuma inda haddar ta kai. Allah ya sauƙaƙa maka.