Amsa kan Bill Zito: zai daɗe a Florida ko kuwa?

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka tambaya ko Bill Zito, janar manajan kulob ɗin hokin ƙanƙara na Florida Panthers, zai daɗe a kulob ɗin bayan ya ɗauko musu Kofin Stanley, kofin zakarun gasar NHL, a 2024 da 2025, ko kuwa wani babban kulob zai zo da jakar kuɗi ya yi awon gaba da shi. Na ga waɗanda suka riga ni amsawa duk sun tafi a kan cewa wanda ya ci kofi biyu a jere ai ya zama ɗan gida, babu mai taɓa shi. Ni ma ina ganin zai zauna, sai dai ba don wannan dalilin ba. Kuma ba na jin a kujerar da yake kai yanzu zai ƙare.

Ga 'yan'uwa na gida da ƙwallon Turai suka fi sani: a hokin ƙanƙara na NHL, babbar gasar Amurka da Kanada, koci aikinsa horo da jera 'yan wasa ne kawai. Janar manaja shi ke ɗauko kocin, shi ke sallamarsa, shi ke musayar 'yan wasa da sauran kulob, shi ke sa hannu a kwantiragi. Ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi, musaya ake yi, mutum da mutum ko mutum da damar zaɓen matasa. Sannan akwai iyakar albashi da ba a yarda kowane kulob ya ƙetare ba, komai arzikin mai shi. Saboda haka kuskuren koci yana bayyana a daren da ya yi shi, na janar manaja kuwa sai bayan shekara huɗu ko biyar yake fitowa fili.

Ina zaune a Tampa a shekarun da Steve Yzerman ke janar manajan Lightning, kulob ɗin garin, kuma da a ce nasara ke ɗaure mutum a wuri, da bai je ko'ina ba. Ya karɓi kulob ɗin a 2010, ya kai su wasan ƙarshe a 2015, aka ba shi lambar gwarzon janar manaja a shekarar, ya tara irin su Nikita Kucherov da Andrei Vasilevskiy da Brayden Point. Mai kulob ɗin, Jeff Vinik, bai taɓa nuna ya gaji da shi ba. Kwatsam a watan Satumba na 2018, ana shirin fara kaka, sai ya ce ya sauka, zai koma mai ba da shawara. A wurin aikinmu ranar kowa ya bar abincinsa yana duba waya, masu kira a rediyon wasanni kuwa sai ka ce an yi musu mutuwa. Wani dattijo da muke aiki tare, mutumin Michigan, ko gezau bai yi ba. Yana juya shayinsa ya ce mana, mutumin da ya shekara takwas yana aiki a garinku amma matarsa da 'ya'yansa ba su taɓa tasowa daga Detroit ba, baƙo ne, ku ne dai ba ku lura ba. Bayan wata bakwai, a Afrilun 2019, sai ga Yzerman a Detroit Red Wings, kulob ɗin da ya yi wa wasa kaka 22. Mataimakinsa Julien BriseBois ne ya ɗaga kofin a 2020 da 2021 da 'yan wasan da yawancinsu Yzerman ya tara.

Tun daga lokacin, idan aka tambaye ni ko wane zai zauna, abin da nake fara dubawa shi ne ko akwai wani gari da ke kiransa. Zito ba shi da irin wannan. Bai taɓa buga wasa a NHL ba, babu filin da aka rataye rigarsa a rufi. A jami'ar Yale ya yi wasansa, ya karanta lauya, ya shafe shekaru yana wakilcin 'yan wasa a kamfaninsa, irin su Tim Thomas da Tuukka Rask. A 2013 ya shiga ofishin Columbus Blue Jackets a matsayin mataimaki. (Yana can lokacin da Columbus ta share Tampa ɗinmu wasa huɗu ba ko ɗaya a 2019, bayan mun ci wasa 62 a kakar. Har yanzu ban huce ba.) Ya sha zuwa neman kujerar janar manaja ana ba wasu, sai a Satumbar 2020, yana daf da cika shekara 56, Florida ta ba shi. Mutumin da ya yi irin wannan jira, ya samu inda ake barinsa ya yi aikinsa, ba ya saurin tattara kaya.

Kuma an bar shi ya yi. Wannan ne abin da ya fi nauyi a wurina. Ka tuna kakar 2021-22: Panthers ta gama da maki 122, ita ce ta ɗaya a duk gasar, ta ci zagayen fidda gwani a karon farko tun 1996. Tampa ta yi waje da su a zagaye na biyu ba su ci ko wasa ɗaya ba. Mafi yawan manajoji za su ce a ƙara haƙuri, baɗi ma rana ce. Zito sai ya ajiye kocin riƙo Andrew Brunette ya ɗauko Paul Maurice, mutumin da ya fi shekara ashirin yana koci bai taɓa cin kofin ba. Bayan wata guda ya ɗauki Jonathan Huberdeau, wanda ya tara maki 115 (ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci) a kakar da ta wuce, ya haɗa da MacKenzie Weegar da wani matashi da damar zaɓe a zagayen farko, ya miƙa wa Calgary, ya karɓo Matthew Tkachuk a kan kwantiragin shekara 8 na dala miliyan 76. A kakar da ta biyo da ƙyar suka kutsa cikin wasannin fidda gwani, su ne na ƙarshe da suka samu gurbi a ɓangarensu. A watan Janairu na wannan kakar babu irin zagin da ba a yi wa mutumin nan ba. Mai kulob, Vincent Viola, bai motsa ba. Suka kai wasan ƙarshe a 2023, Vegas ta doke su, sannan suka doke Edmonton sau biyu a jere. Duk janar manajan da mai kulob ya tsaya masa a irin wancan hunturun ya san ba a kowane gari zai samu haka ba.

Ka kwatanta da Kyle Dubas a Toronto. A 2023 kulob ɗinsa ya ci zagayen fidda gwani a karon farko tun 2004, amma akwai shugaban kulob Brendan Shanahan a samansa, a saman Shanahan kuma akwai hukumar kamfani. Maganar sabon kwantiragi ta cije, aka sallame shi a watan Mayu, bai yi sati biyu cikakku a gida ba Pittsburgh ta ɗauke shi. Ko Lou Lamoriello, wanda ya yi shekara 28 a New Jersey da kofi uku: sababbin masu kulob suka saya a 2013, zuwa 2015 yana Toronto. Don haka idan ka taɓa jin labarin iyalan Viola na neman mai saye, to ka dawo ka sake tambayata, amsar za ta canza.

Batun jakar kuɗi kuma, an riga an toshe wannan ƙofar. A watan Afrilun 2024, tun kafin kofin farko ya zo, Panthers ta sabunta masa kwantiragi na shekaru, ta kuma ƙara masa muƙamin shugaban harkokin wasa. Ƙa'idar NHL ita ce ba ka da ikon zawarcin ma'aikacin da ke da kwantiragi sai da izinin kulob ɗinsa, kuma bisa al'ada ana ba da izinin ne idan ƙarin girma mutum zai samu. To wane ƙarin girma za a yi wa wanda babu kowa a samansa sai mai kulob? Albashin janar manaja kuma ba ya cikin iyakar albashin 'yan wasa, Viola na iya biyan duk abin da wani ya taya. Ga jihar Florida ba ta karɓar harajin albashi, ga sabon wurin atisaye a Fort Lauderdale, ga 'yan wasa na rage farashinsu don su zauna. Toronto ko Montreal za su iya ba shi suna, amma tare da 'yan jarida talatin a bakin ƙofa kowace safiya.

Inda na rabu da sauran masu amsa shi ne cewar kofi garkuwa ne. Ray Shero ya ci da Pittsburgh a 2009, aka kore shi a 2014. Peter Chiarelli ya ci da Boston a 2011, aka kore shi a 2015, kaka ɗaya tak da suka kasa shiga wasannin fidda gwani. Wanda ya fi kama da halin da Zito ke ciki shi ne Dean Lombardi na Los Angeles Kings. Shi ma kofi biyu ya ci, 2012 da 2014. Don ya riƙe jaruman da suka kawo masa kofin sai ya yi ta raba dogayen kwantiragi: Dustin Brown shekara 8, Marian Gaborik shekara 7, ga Mike Richards da ya ƙi rabuwa da shi lokacin da yake da damar yin hakan cikin sauƙi, saboda kara. Ƙafafu suka yi nauyi, albashi bai ragu ba, babu matasan da za su maye gurbi. A Afrilun 2017 aka sallame shi tare da kocinsa Darryl Sutter, shekara uku kacal bayan kofi na biyu.

Yanzu ka buɗe littafin Florida. Aleksander Barkov dala miliyan 10 a shekara har 2030. Tkachuk miliyan 9.5 har 2030. Sam Reinhart da Gustav Forsling da Carter Verhaeghe duk shekara takwas-takwas. A bazarar 2025 aka ƙara Sam Bennett shekara 8 a kan miliyan 8, Aaron Ekblad shekara 8 a kan miliyan 6.1, sannan Brad Marchand, mai shekara 37, aka ba shi shekara 6. Ka lissafa da kanka shekarunsa ranar da kwantiragin zai ƙare. Kuma irin wasan da Maurice ke sa su yi, na bugu da matsi da karo da bango, ba wasan da ke barin jiki lafiya ba ne, ga shi sun kai wasan ƙarshe shekara uku a jere, hutunsu ya fi na kowa gajarta. Daga 2022 zuwa 2025 ba su zaɓi ko yaro ɗaya a zagayen farko ba, duk an bayar da damar wajen musaya, aka kuma sake jinginar da na gaba don a samo Seth Jones da Marchand. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan wajen 2028 zuwa 2030 zai zo.

Ba na cewa ya yi kuskure. Ni da na zauna cikin magoya bayan da suka jira shekaru, na san kofi biyu a hannu sun fi duk wani tanadin gobe. Kuma yana da abubuwa biyu da Lombardi bai samu ba. Iyakar albashi tana tashi da sauri: daga miliyan 88 zuwa 95.5 a kakar 2025-26, an kuma sanar da 104 da 113.5 na kakanni biyu masu zuwa, don haka miliyan 6 na Ekblad zai riƙa ƙanƙancewa a cikin lissafi. Sannan idonsa a kan 'yan wasan da wasu suka yar. Forsling kyauta ya tsince shi a Janairun 2021 bayan Carolina ta sake shi. Verhaeghe mu 'yan Tampa muka bar shi ya tafi, Zito ya ɗauke shi a kan dala miliyan ɗaya a shekara. Idan ofishinsa ya ci gaba da tsinto irin waɗannan, tsufan manyan ba zai kayar da shi ba. Amma tsintuwa ba a yi mata alkawari.

Abin da nake hasashe shi ne hanyar da manyan da suka yi nasara suke bi yanzu: su hau kujerar shugaban harkokin wasa su bar wa mataimakinsu kujerar janar manaja. George McPhee ya yi haka a Vegas a 2019, lokacin da wasu kulob ke zawarcin mataimakinsa Kelly McCrimmon. Joe Sakic ya yi a Colorado 'yan makonni bayan cin kofin 2022, ya bar wa Chris MacFarland. Brian MacLellan ya yi a Washington a 2024. Doug Armstrong na St. Louis har ranar miƙa wa Alexander Steen ya sanar tun da wuri. Zito ya riga ya mallaki muƙamin na sama, an haife shi a 1964, kuma mataimakansa ba za su zauna har abada ba, don duk kulob ɗin da ke neman sabon manaja ofishin zakara yake fara leƙawa. A cikinsu akwai Brett Peterson, wanda Zito ya taho da shi daga harkar wakilcin 'yan wasa a 2020, baƙar fata na farko da ya riƙe mataimakin janar manaja a tarihin NHL. Ranar da wani kulob ya zo da gaske neman ɗaya daga cikin mataimakan nan, Zito zai zaɓa: ko ya sake shi, ko ya matsa masa a kujera.

Kafin nan akwai jarrabawa ta kusa. Kwantiragin mai tsaron raga Sergei Bobrovsky, dala miliyan 70 na shekara 7 da Dale Tallon, wanda Zito ya gada, ya sa wa hannu a 2019, a bazarar 2026 yake ƙarewa, lokacin mutumin yana daf da shekara 38. Matashin da aka yi tanadi don ya gaje shi, Spencer Knight, shi aka ba Chicago a musayar Seth Jones. Ka duba yawan shekarun da za a rubuta a duk takardar da ta biyo baya, ba yawan kuɗin ba. Idan ɗaya ce ko biyu, ko aka yi masa godiya aka nemi wani, to Zito na shirin kasancewa a wurin lokacin da sauran kwantiragin za su tsufa. Idan kuwa ka ga huɗu ko biyar, ka fara koyon sunayen mataimakansa.